Kuɗin da muke tura wa gidan ceton dabbobin nan, ina suke shiga?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da magana, kuma don Allah kada a ɗauka ɓata suna nake son yi, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Wata 14 ke nan duk ƙarshen wata ina tura naira 5,000 ga ƙungiyar nan mai ceton dabbobi da ke can bayan Samaru a Zariya. Abin da ya ja ni tun farko bidiyon wani jaki ne da suka ɗauko a gefen hanyar Shika, gadon bayansa ya ruɓe har tsutsa na fita. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. To makon jiya na roƙi a turo min bayanin kuɗin shekara. Abin da ya zo hoton takarda ɗaya ne, rubutun biro, layi huɗu: abinci, magani, sufuri, sai "sauransu". Kuma wannan "sauransu" ɗin ya fi kuɗin magani yawa. Sannan lambar asusun da muke turawa, sunan mutum ne ke fitowa, ba sunan ƙungiya ba. Na san aƙalla mutum shida a zauren nan namu suna bayarwa. In ci gaba ko in dakata? Ku ba ni shawara saboda Allah.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ni shawarata gajera ce. Ki leƙa layinku nan Gyallesu, za ki samu gidan da ba a ɗora tukunya ba tun safe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma. Ni a Sabon Gari nake zama daga safe zuwa magariba, ina ganin magidanci na awon rabin mudu. Kuɗinki ne, amma ni jaki ba zai sha gaban ɗan Adam a wurina ba.

Malam Ƙofar Kona: Baban Sadik, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma a raba abu biyu. Zakka ba ta zuwa ga dabba, wannan babu jayayya, masu cin ta kashi takwas ne kuma Allah ya lissafa su a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Duk wanda ke tura zakkarsa can, ya sake lissafi. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take. Bukhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Sun kuma ruwaito matar da ta shiga wuta a kan kyanwa, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Wannan hadisi na biyu ina so a riƙe shi, domin ya hau kan duk wanda ya tara dabbobi a gida ɗaya ya rufe ƙofa. Da ka killace su, cinsu da shansu ya koma wuyanka. Saboda haka tambayar Hajiya tambaya ce ta addini ma, ba ta boko kaɗai ba.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma dai maƙwabci na nan da haƙƙinsa.

Malam Ƙofar Kona: Yana nan daram. Ba wanda ya ce a hana shi don a ba jaki.

Akanta Tudun Wada: Maman Ilham, kin yi daidai da kika tambaya. Aikina ke nan shekara da shekaru, kuma na duba littattafan ƙananan ƙungiyoyi da dama, na marayu, na masallatai, na tsofaffin ɗalibai. Abin da na fi gani ba sata ba ne, rashin rubutu ne. Mutumin kirki ya fara da aljihunsa, jama'a suka fara turowa, kuɗinsa da na jama'a suka cakuɗe a asusu ɗaya, bayan shekara shi kansa ba zai iya ce miki ga naki ga nasa ba. Illar ita ce a irin wannan yanayi mai gaskiya da maras gaskiya kamarsu ɗaya a takarda.

Abu na farko a tambaye su ko suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Ƙungiyar agaji tana rajista ne a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, kuma kafin a ba da takardar sai an buga sunayen amintattun a jarida an bar kwana 28 ko wani na da ƙorafi. In sun yi, za su ba ki lamba, ki shiga shafin CAC ki duba sunan da kanki, kyauta ne. Mai rajista kuma doka ta ɗora masa miƙa rahoton shekara-shekara da ajiye littafin kuɗi. Banki ma kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu yakan nemi takardar SCUML, wato sashen nan na yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Yawancin ƙananan ƙungiyoyi a nan suke maƙalewa, sai su ci gaba da asusun shugaba.

Bayan rajista, ni abin da nake nema uku ne: sitatimen na banki na wata 12 ba tare da an cire shafi ba, rasit ko littafin da ake rubuta duk abin da aka saya, da kuma sanin mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. In mutum ɗaya ne ke karɓa, shi ke kashewa, shi ke rubuta rahoto, to ko waliyyi ne tsarin bai yi ba.

Maman Ilham: To Akanta wannan "sauransu" fa? Shi ya fi tsaya min a rai.

Akanta Tudun Wada: A fasa shi kawai. Mai yiwuwa hayar fili ce, albashin yaran da ke sharar turke, ruwan tanka, man janareta. Duk waɗannan halal ne kuma dole ne. Mutanenmu suna da wani tunani cewa ƙungiyar kirki ita ce wadda ba ta biyan kowa albashi. Ba haka ba ne. Yaron da ke kwashe kashin jakai da asuba yana da ciki, in ba a biya shi ba gobe ba zai zo ba, ko ya sayar da dusar. Ni ban damu albashi ya yi yawa a lissafi ba in dai an rubuta wa aka ba, nawa, a kan wane aiki. Abin da ba na yarda da shi shi ne layin da ba shi da suna ya fi layin da ke da suna girma.

'Yar Kongo: Don Allah ku bari in yi magana, domin ni ina zuwa wurin duk Asabar tun ina aji biyu. Wallahi raina ya sosu da na ga wannan zancen. Antin da ta kafa wurin nan albashinta take zubawa. Na ga ranar da harawa ta ƙare ta cire ɗan kunnenta ta ba direba ya kai kasuwa. Ba ta da mota, a Keke Napep take zuwa. Filin ma na mijinta ne. In akwai wanda ke cin kuɗin nan to ba ita ba ce. Mutane suna zaune a gida suna tura 2,000 suna neman rasit, ba su taɓa riƙe ƙafar jaki ana wanke masa gyambo ba.

Maman Ilham: Ƙanwata, ki yi haƙuri, ban ce ta ci ba, kuma Allah ya tsare ni da zato. Amma ki duba, in yau Allah ya yi mata rasuwa, kuɗin da ke asusun nan na waye? A shari'a da a banki duk sunanta ne, magada za su raba. Dabbobin fa, wa zai ci gaba da su?

'Yar Kongo: Wannan kam ban taɓa tunaninsa ba.

Malam Ƙofar Kona: Tambaya ce mai nauyi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa, mutanen da suka fi mu amana. Rubutu ba tuhuma ba ne, 'yata. Kariya ce ga ita Antin taku kafin kowa.

Dakta Samaru: Salam. Na karanta duka. Ni likitan dabbobi ne, kuma ina so in ɗauke ku daga maganar rasit zuwa wata da ta fi damuna. A ce gobe an kawo rasit na kowane kwabo, komai ya daidaita. Wannan ya nuna ba a ci kuɗin ba. Bai nuna kuɗin ya yi amfani ba.

Gidan ajiye dabbobi yana da wata ɗabi'a da masu bayarwa ba sa lura da ita. Ɗauko dabba aikin rana ɗaya ne, shi ne ake ɗauka a bidiyo, shi ne ke kawo kuɗi. Ciyar da ita kuwa aikin kowace safiya ne har ta mutu, kuma jaki in ya samu kulawa yana haura shekara 25, wasu har 30 da wani abu. Duk jakin da aka ƙara a turke an ci bashin harawa da dusa na shekaru. Daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta ƙone harawa ta yi tsada, a nan ake gane gidan da ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Na sha shiga irin waɗannan wurare in tarar dabbar da aka ceto ta fi ramewa a hannun mai ceto, ba don mugunta ba, don yawa.

Saboda haka in kun je kada ku tambayi "dabba nawa kuka ceto". Ku ce: nawa suka shigo bana, nawa suka warke aka mayar wa masu su ko aka ba wani riƙo, nawa suka mutu kuma me ya kashe su, nawa ke nan yanzu, kuma wurin nawa zai iya ɗauka. In adadin da ke shigowa kullum ya fi na masu fita, ku san inda aka dosa. Ku tambayi wane likita ke duba su, yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa ko kuwa wani mai shagon magani ne ke zuwa da sirinji. Ku duba ko akwai wurin ware sabuwar dabba kafin a haɗa ta da sauran. Ku buɗe firjin da suke ajiye allurai, ku ga ko akwai sola ko wani abin da ke riƙe sanyi in an ɗauke wuta, domin allurar rigakafi in ta sha zafi ta zama ruwa.

Baban Sadik: Dakta, to in kai ne da kuɗin, me za ka yi da su?

Dakta Samaru: Rigakafin haukar kare, kafin komai. Kuma a nan ne maganarka ta ɗan Adam da maganar Hajiya ta dabba suke haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Amma an tabbatar in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka ci gaba da yi duk shekara, cutar tana yankewa a wurin. Allurar karen nan ana yin ta a gida Najeriya, a cibiyar Vom da ke Filato, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin allurorin da ake yi wa mutum bayan cizo ba. Ku dubi karnukan mafarauta da na gadi da ke ƙauyukan da suka kewaye mu, ta Giwa, ta Soba, ta Basawa. Kuɗin ciyar da karnuka goma a keji na shekara guda zai yi wa karnuka masu yawan gaske allura a waɗannan wurare, yaran da ke wasa da su su tsira.

Tunda na ambata, duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko jiran a ga ko karen zai haukace.

Maman Ilham: Innalillahi. Ni duk tunanina a kan jakin bidiyon nan yake, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Ɗan Dakace: Ku ba ni dama ni ma, ni ɗan masu jakai ne. Babanmu da jakai ya rene mu, yashi yake ɗebowa daga bakin Galma, da damina kuma taki zuwa gona. Abin da 'yan birni ba su gane ba, mai jaki ba ya son ganin bayan jakinsa ya fashe, domin ranar da jaki ya kwanta ranar gidan ba cefane. Gyambon nan akumari ne ke kawo shi, in ya tsufa ya taurare, ko mangala ta yi nauyi gefe ɗaya. Mutum na gani amma ba shi da na sabo, kuma ba zai iya hutar da jakin mako biyu ba. Sai ya zuba masa baƙin mai ko toka ya ci gaba. In ƙungiya ta zo ta ɗauke jakin ta tafi da shi, ta ceci jaki ɗaya ta kashe gida ɗaya, kuma mutumin zai ci bashi ya sayi wani ya ɗora masa wannan tsohon akumarin. Da za su zo mashaya ko inda ake lodin yashi sau ɗaya a wata, su wanke miki, su ba da maganin tsutsa, su gyara kofato, su kawo akumari mai laushi a farashi mai sauƙi, wallahi layi za a yi.

Dakta Samaru: Ka faɗi abin da manyan ƙungiyoyin da suka daɗe a harkar suka gano. SPANA, wadda aka kafa a 1923, da Brooke, duk na Ingila ne, kuma yawancin aikinsu a ƙasashe irin namu bin dabbobin aiki ne har inda suke, a yi musu magani a hannun masu su, a koya wa masu su. Dabbar na gida, mai ita na ciyar da ita, ƙungiya ba ta ɗauki nauyin harawa ba. Turke a bar shi ga wadda aka yasar ko wadda ba za ta ƙara moruwa ba.

Ɗan Dakace: Sannan akwai wata magana da nake so a tambaye su, kuma kada a ji kunya. Jakin da ya warke ina yake zuwa? Yanzu jaki kuɗi ne saboda fatarsa da ake kaiwa Sin. Dillalai na bin kasuwanni har Maigatari suna lodawa a tirela zuwa kudu. A garinmu an sha kwance wa mutane jakai da dare. In ƙungiya na ba da jaki riƙo ba tare da rubuta wa aka ba ba, ba ta komawa ta duba, to tana iya yi wa mahauta kiwo ba ta sani ba.

Dakta Samaru: Gaskiya ne. Abin ya kai Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakai don fata a taronta na Addis Ababa a Fabrairun 2024, amma amincewa a taro daban, abin da ke faruwa a kan titi daban. Kowane jaki da ya fita ya kamata a ce akwai hotonsa, sunan wanda ya karɓa, unguwarsa, sa hannun mai unguwa, da ranar da aka koma aka gan shi.

'Yar Kongo: Dakta, akwai littafi, amma gaskiya ba kullum ake cika shi ba. Waɗanda suka mutu ma ba a rubutawa, Anti ba ta son maganar, kuka take yi. Bana da zafin nan mun rasa guda uku da na sani. Firji kuma na gidanta ne, ba sola. Likita akwai wani da ke zuwa in an kira shi, mai tsanani kuma asibitin koyarwa na dabbobi na ABU muke kaiwa. Karnuka an yi wa na cikin gidan allura, amma ba mu taɓa fita ƙauye ba.

Akanta Tudun Wada: Ƙanwata, wannan amsar taki ta fi takardar da aka turo wa Maman Ilham amfani sau goma. Ga abin da zan iya: in Antin ta yarda, zan zauna da ita Asabar biyu kyauta, mu bi sitatimen layi-layi, mu ware nata da na jama'a, in buɗe mata littafi mai sauƙi wanda ko ke za ki iya cikawa. Maganar rajista kuma ana buƙatar amintattu, kuma shawarata kada su zama 'yan gida ɗaya. A samu likita ɗaya, malami ɗaya, da wani daga cikin masu jakai.

Baban Sadik: In za a fita rigakafin karnukan nan, ni zan ɗauki man mota na fita ɗaya. Amma a hannun Dakta zan ba da, kuma ina son a turo min adadin karnukan da aka yi wa da sunan ƙauyen. Na ajiye dabba a turke kam har yanzu ban gamsu ba.

Maman Ilham: Ni kuma ga inda na tsaya. Na wannan watan zan tura, don dabbobin da ke ciki ba su san da wannan muhawarar ba kuma gobe za su ci. Amma ba kuɗi zan tura ba, dusa da harawa zan saya a kai. Daga wata mai zuwa sai na ga abin da Akanta ya samu.

'Yar Kongo: Na kira Anti yanzu, na karanta mata duka, har da na Baban Sadik. Da farko ta yi shiru, na ɗauka ta yi fushi. Sai ta ce ta daɗe tana tsoron ranar da za a tambaye ta, don ita kanta ba ta san jimillar abin da ta zuba ba. Ta ce ku zo Asabar bayan la'asar, za ta je banki ranar Alhamis ta karɓo sitatimen. Ta ce a gaya wa Dakta ya zo da idonsa na likita kada ya ji nauyinta. Abu ɗaya ta roƙa, kada a ɗauki hoton gidan a watsa kafin a zauna.

Malam Ƙofar Kona: Wannan haƙƙinta ne, a kiyaye. Zan zo in Allah ya so, amma sai na idar da karatun yara, ku fara ba ni.

Ɗan Dakace: Dakta, in zo da jakar babanmu? Kwana huɗu tana ɗingishi da ƙafar gaba ta dama, kofaton da zafi in ka taɓa.

Dakta Samaru: Kada ka taso ta daga Dakace a ƙafa, za ka ƙara mata. A sauke mata kaya daga yau, a ɗaure ta a wuri busasshe mai laushi, ka ɗaga kofaton ka wanke ka duba ko ƙusa ko tsakuwa ta shige. In ka ga ƙusa ta nutse kada ka zare, ka kira ni. Turo min lambarka ta gefe, zan biyo ta wurinku Asabar da safe kafin in wuce Samaru.